Ruwan Pil a Adakar Kaka

Shekaranjiya agogon bangon ɗakina ya tsaya. Na hau kujera na sauko da shi, na buɗe bayansa, sai ga pil ɗin ya kumbura, bakinsa ya yi farin gari kamar kanwa, wani ruwa mai danƙo ya bi ƙarfen ya mayar da shi kore. Kafin in kai hannu warin ya riga ya iso hancina, warin nan mai tsami da ke kama maƙogwaro, rabi tsatsa rabi gishiri. Na zauna a ƙasa da agogon a cinyata, ni da jikokina har sun fara tafiya, zuciyata na tafasa kamar yau abin ya faru. In kai ɗan zamanin nan ne za ka ce mene ne abin fushi a pil guda. Zauna in gaya maka.

A unguwar Maurai ta birnin Yamai na girma, cikin wani gidan haya mai ɗakuna jere da rufin kwano, da bishiyar dogon yaro guda a tsakar gida wadda kowa ke jan tabarmarsa ƙarƙashinta. Mai gidan wata dattijuwa ce Bazabarma, haifaffiyar Yamai, da Hausarta ta kasuwa, tana ce wa namiji “ke” ta ce wa mace “kai” ba ruwanta. Akwai malamin lakwal, wato makarantar boko, mutumin Maraɗi da iyalinsa, akwai ɗalibai ƴan Damagaram da suka cushe a ɗaki guda. Mu mutanen ƙasar Tawa ne. Babana akawu ne a wani biro na gwamnati a Filato, unguwar ofisoshi da manya, da safe ya tura ɗan babur ɗinsa mobilet waje, da yamma ya dawo da hularsa a jiƙe. Zamanin sojoji ne. Ban san ma’anar mulki ba a lokacin, amma na san in magana ta biyo ta kan gwamnati manya sukan rage murya su waiga, ko da akuya ce kaɗai a bayansu.

Shekarar nan damina ta leƙo ta juya kamar baƙon da ya yi ɓatan gida. Gero ya tsaya a gwiwa ya ƙone. Mutanen ƙauye suka fara kwararowa birni a kan kamyo, manyan motocin kaya, da tabarmi da tukwane, suna sauka a gefen gari inda ba inuwa. A cikin irin wannan kamyon kakata, mahaifiyar babana, ta iso mana, da adakar ƙarfe guda da tsohon zane a jikinta. Kakana namiji, wanda take kira Malam don ba ta faɗin sunansa, shi ya turo ta, amma shi ya ƙi tasowa. Ya ce ba zai bar rijiyar da ya haƙa da hannunsa da ƴan shanun da suka rage ba, in ruwa ya sauka ta koma ta same shi.

Bayan wani lokaci wani direba ya kawo mana kaset. Malamin lakwal na ƙauyen ne ya ɗauki muryar Malam a manyetonsa. Babana ya je kasuwa ya sayo tsohon manyeto, muka taru ƙarƙashin dogon yaro har da maƙwabta. Malam ya fara da sallama, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, har ni da rabonsa da ni tun ina goye. Ya ce rijiya ta yi nisa amma ba ta ƙafe ba. Ya ce jar saniya ta kwanta, sun yanka ta, ba a samu abin kirki a jikinta ba. Sai ya yi tari, ya yi dariya, ya ce a gaya wa tsohuwa tun da ta tafi ba wanda ya iya dama masa kunu, duk wanda aka kawo ko ya tsinke ko ya yi gudaji. A bayansa ana jin zakara, ana jin wata tana daka can nesa. Kaka ta ja mayafi ta rufe baki.

Ba a yi nisa ba labarin rasuwarsa ya iso. An rufe shi tun kafin mu ji. Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, bai bar rubutu ba sai allonsa. Abin da ya rage mana na Malam shi ne wannan kaset.

Duk takabar Kaka da shi ta yi ta. Kowace Juma’a, in maza sun tafi masallaci gidan ya yi tsit, sai ta kira ni in danna mata, don ita tsoron maɓallan take yi. Ba saurare kawai take ba, hira suke. In ya ce yana gaishe ta, ta ce, “Lahiya lau, Malam.” In ya zo maganar kunu, ta ce, “Kai dai ka cika tsirfa.” In kaset ya ƙare ta ce in mayar, sau ɗaya tak, sannan ta naɗe manyeton a cikin farin ƙyallen da ta tanada na likkafaninta, ta sa a adaka ta kulle, makullin a wuyanta. Gidanmu ba kuran, wato wutar lantarki, da pil muke komai, tocila da radiyo da manyeto. In pil ya yi sanyi muryar Malam takan ja ta yi kauri kamar mai magana daga cikin rijiya, Kaka ba ta son jin haka ko kaɗan.

Da ta fita takaba babana ya samu hutu, ya ce zai kai ta ta ga kabarin. Kwana biyu kafin tafiya ta ce in raka ta unguwar Zango mu sayo pil masu kyau, tana so ranar da ta dawo daga wurin Malam ta ji shi da muryarsa sosai. Muka ɗauki manyeton muka tafi babban butikin da ke kan kwana. Mai shi wani ƙosasshen mutum ne mai babbar riga da turare, kowa Alhaji yake ce masa, harshensa kamar zuma. Kaka ta ce masa na gaske take so, ba na wasan yara ba. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fito da wasu masu ƙyalli a takarda sabuwa fil, ya ce irin waɗannan manyan Filato kaɗai yake sayar wa. Da hannunsa ya buɗe manyeton ya jera su, da yatsansa ya danna. Muryar Malam ta cika butikin, garau.

“Wane ne wannan, Inna?” ya tambaya.

“Maigidana ne. Ya rasu.”

“Allahu akbar. Allah ya ji ƙansa. Ki bar su a ciki, Inna, kada ki cire. Waɗannan har baɗi suna nan.”

Ka riƙe wannan, kai mai karatu. Ya ji muryar. Ya san abin da ke cikin akwatin nan. Da bakinsa ya yi wa mamacin addu’a.

Kaka da babana suka tafi a tsakiyar bazara, irin wadda ban sake ganin kamarta ba. A shekarar ce gulbi ya tsaya, muka je muka ga mutane suna ratsa shi da ƙafa, kifaye na ruɓewa a taɓo. Da rana kwanon ɗakunanmu yana ƙara shi kaɗai don zafi. Ɗan ɗakin Kaka na rufe, adaka na ciki, makulli ya tafi Tawa a wuyanta.

Ranar da suka dawo ko ruwa ba ta sha ba. Ta rame, idonta ya faɗa, ta ce mini, “Ƴar nan, zo ki danna mini.” Tana ɗaga murfin adakar warin ya buso. Likkafanin ya yi jirwaye ruwan ƙasa, da ta ɗaga shi sai ya yage a hannunta kamar ganyen da tsutsa ta ci. Pil ɗin duk sun fashe. Ruwansu ya cinye ƙarfen gindinsu, ya bi ta cikin manyeton da ta jingina a tsaye, ya gangara ya taru daidai inda kaset yake. Na danna, ko motsi. Na sake dannawa, yatsana ya fara zafi.

Babana ya kai shi wurin mai gyaran radiyo, muka bi shi. Mutumin ya kwance kaset ɗin a hankali. Zaren ya manne ya zama dunƙule, in ya ja sai launin ya zube a yatsansa kamar toka. Ya yi ta fama har ya samu wani ɗan guntu da ruwan bai kai ba, ya liƙa shi a wani kaset ya sa a nasa manyeton. Muka kasa kunne. Sai shuuu, sannan tari, sannan shuuu. Gaisuwar ta tafi, dariyar ta tafi, kunun da zakaran duk sun tafi. Tarin kaɗai ruwan ya bar mata.

“Kashe,” in ji Kaka.

Daga nan butikin ta nufa, da manyeton a rungume, ni a bayanta. Da mutane a ciki. Ta ajiye shi kan tebur. Mai butiki ya leƙa, ya ja babbar rigarsa baya kada ta taɓa, ya ce zafi ne. Ya ce kowa ya san zafin bana, ko mutum aka kulle a adaka sai ya zubar da ruwa. Waɗanda ke wurin suka yi dariya. Kaka ta ce shi ya ce a bar su a ciki. Ya ce shi bai tuna ba, mutane nawa ke shigo masa a yini. Sannan ya miƙa hannu bayansa ya zaro wani kaset na kiɗan biki ya tura mata.

“Ungo wannan, tsohuwa, ki riƙa ɗebe kewa. Muryar matacce me za ta yi miki? Addu’a yake so.”

Kaka ba ta taɓa kaset ɗin ba. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, a hankali, kamar mai auna tsawon rami. Ta ɗauki manyetonta muka fito. A hanya ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta ce mini, “Share. Hawaye ba shi ne kuɗin wanga abu ba.”

A gida babana ya durƙusa gabanta ya ce, “Inna, don Allah ki bar wa Allah. Mutumin nan da manya yake cin tuwo. Zamanin nan in ka ɗaga kai da kai za a fara. Ni aikin gwamnati nake.” Ta ce ta ji. Ba ta ce ta bari ba. Daga ranar ta daina hira ƙarƙashin dogon yaro. Juma’a in gida ya yi tsit sai ta zauna bakin ƙofarta ta zuba wa bango ido, leɓenta na motsi. Na ɗauka tasbihi take. Daga baya na gane maganar kaset ɗin take bita don kada ta kuɓuce mata, kuma tana kuɓucewa. Wata rana ta tambaye ni, saniyar ya fara faɗa ko rijiyar. Na ce rijiyar. Ta ce a’a. Muka rasa mai raba mu. Tun daga nan ni ma ƙiyayyar mutumin nan ta zauna mini a ƙirji kamar dutsen niƙa.

An shiga hutun lakwal, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, sai Kaka ta gamu da wata mutuniyar ƙauyensu a bakin pompo, cikin waɗanda fari ya koro. Suka rungumi juna. Kaka ta lura da hannuwan matar: yatsun sun tsage, faratan sun yi baƙi sun zaizaye. Ta tambaye ta wace cuta ce. Matar ta ce ba cuta ba ce, aiki ne. Wani Alhaji a Zango ke ɗaukarsu gyaran pil a bayan butikinsa, da yamma a auna musu dawa.

Washegari Kaka ta cire zanenta mai kyau, ta ɗaura tsumman da ta zo da shi daga ƙauye, ta sa ni ma na cire takalmi. Ta ce wa innata za mu gaida ƴan garinsu. Muka bi matar ta wani lungu, muka shiga ta ƙaramar ƙofar kwano.

Abin da na gani a filin nan har yau ina iya zana shi. Matattun pil ne tuli, waɗanda aka tsinto daga sharar gidajen Filato da ta Nasara, an shanya su kan kwano a rana. Mata na zaune a ƙasa jere. Wata ta huda da ƙusa, wata ta ɗiga ruwan gishiri a ramin, wata ta toshe da kakin kyandir, wata ta goge tsatsar da tsumma, ta ƙarshe ta naɗe da sabuwar takarda mai ƙyalli. Irin takardar nan ce sak. Pil ɗin da aka yi wa haka yakan farfaɗo ya yi ƙarfi na ɗan lokaci, daidai yadda za a gwada shi a gaban mai saye, sannan gishirin ya ci gaba da cin cikinsa har ya huda. Warin wurin kuwa, sai da na yi amai a bayan tulin.

Kaka ta zauna cikin sahu ta karɓi tsumma. Muka yi kwanaki muna zuwa. Mai butikin yakan leƙo da hantsi, hankici a hanci, ya zaga ya yi faɗan ana ɓarnar takarda. Sau da yawa ya tsaya daidai kan Kaka, gefen rigarsa na taɓa kafaɗarta, bai gane ta ba. Bai taɓa duban fuskar ko ɗaya daga matan nan ba. Yatsun Kaka suka fara tsagewa, da dare innata na shafa mata man shanu tana tambaya, ita kuwa ta ce kaushin tsufa ne.

Da la’asar ake buɗe wani ɗaki a ƙarshen filin a auna wa kowa rabin tiya na jar dawa. Ta ƙofar na hango buhuna jibge har rufi, da rubutun Nasara a jikinsu. Kaka ta matso ta ce a kunnena, “Ke da kike lakwal, mi anka rubuta can?” Na haɗa baƙaƙen na ce mata an ce taimako ne, kyauta, ba na sayarwa ba. Sannan na ga abin da rabona da shi tun ranar adaka: ta yi murmushi, har guntun haƙorinta ya fito. Ko yaro a Yamai ya san sojoji na iya kau da kai daga abubuwa da yawa, amma ban da hatsin taimako. A kansa suke taƙama, a radiyo kullum shi ake faɗa. Ta roƙi mai awon ya ba ta buhu guda da ya ƙare, ta ce za ta shimfiɗa ta kwana a kai. Ya jefa mata.

Mai gidanmu ce ta nuna mata hanya. Ita ta san Yamai kamar tafin hannunta, kuma nata radiyon ma pil ɗin mutumin ne suka kashe shi. Ta ce kada ta je komisariya wurin ƴan sanda, can yana da abokai. Ta je inda ake rabon hatsi, akwai wani matashin hafsan soja da ƴan kasuwa ke gudu, ba ya dariya ba ya karɓar goro. “Kai je can,” in ji ta, “kai zauna har ta fito.”

Muka je. Mai gadi ya kore mu, muka koma gefen hanya. Washegari ya sake korar mu. Rana ta gaba Kaka ta jira har motar hafsan ta kunno kai, ta tashi ta shimfiɗa buhun a tsakiyar hanya, rubutun a sama, ta zauna a kai. Motar ta ci birki, ƙura ta rufe mu. Na tabbata ranar za a harbe mu. Ya fito, dogo siriri, ya dubi buhun.

“Inna, ina kika samu wannan?”

“Inda ƴan’uwansa suke jibge har ruhi, ɗana. A Zango.”

“Kin san abin da muke yi wa mai ƙarya?”

“Wadda ta baro mijinta cikin rami, mi za ku yi mata?”

Ta nuna masa hannuwanta. Ba ta ce masa komai a kan kaset ba. Wannan nata ne.

Ranar da sojojin suka zo Zango, da hantsi ne, kasuwa ta cika, gari ya yi gumi don an yi yayyafi da asuba. Kaka ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na Salla, ta sa kwalli, ta riƙe hannuna muka tsaya a sahun gaba. Kamyo biyu suka toshe kwanar. Aka fasa ɗakin hatsin. Hafsan ya hana sojojinsa taɓa buhu ko ɗaya, ya ce wanda ya shigar da su shi zai fitar. Mai butiki, da babbar rigarsa da tumbinsa, ya riƙa sunkuyawa ana aza masa buhu a baya, ya kai mota ya dawo. Hularsa ta faɗi aka tattake. Takalminsa ya tsinke. Rigar ta jiƙe ta manne masa, turaren ya koma warin ɗan akuya. Duk Zango ta fito, har kan katanga. Manyan da yake cin tuwo da su ba wanda ya leƙo.

Da buhuna suka ƙare hafsan ya ga tulin pil, aka gaya masa abin da ake yi da su. Ya ce a kawo ganga, ya ce mai su ya kwashe, da hannu. Na ga yatsun nan masu zobe suna nutsewa cikin ruɓaɓɓun pil, ruwan na bin su har gwiwar hannu, yana yarfewa yana hura musu iska. Ba zan yi maka ƙarya ba, daɗi na ji. Wani irin daɗi mai sanyi kamar ruwan randa, tun daga maƙogwaro har ciki.

Da za a jefa shi mota aka biyo da shi ta gabanmu. Kaka ta taka ɗaya ta tare hanya, sojan bai hana ta ba.

“Alhaji, ka gane ni?”

Ya ɗaga jajayen idanunsa. Na ga lokacin da ya tuna, bakinsa ya buɗe.

“Hannunka na ciwo?” in ji ta. “Kada ka damu. Zahi ne. Kowa ya san zahin bana.”

Muka koma gida ta ci tuwo malmala biyu, ta yi barcin rana har la’asar ta kusa wucewa.

Amma ramuwa ba ta zuwa ita kaɗai. Da aka rufe filin, matan nan suka rasa rabin tiyarsu. Mutuniyar ƙauyensu ta shigo gidanmu tana kuka, ta ce Kaka ta rama nata ta bar su da yunwa, hannu mai tsagewa ya fi ciki wofi. Kaka ba ta musa ba. Ta ce wa matar ta kawo tabarmarta da ƴaƴanta su zauna tare a ɗakinta, suka raba kwanonta har aka yi girbi. Sauran matan ban san inda suka nufa ba, kuma na sha tunaninsu. Babana kuwa ya yi kwanaki ba ya iya haɗiye abinci, in mota ta tsaya a waje sai ya miƙe. Kafin shekara ta zagayo takarda ta fito an mayar da shi can gabas mai nisa, bakin tafkin da ya janye, inda ba a tura mai gata. Ba wanda ya taɓa ce mana saboda abin ne, ba kuma wanda ya yi shakka. Innata ta yi ta mita tana ɗaure kaya. Kaka ta ce, “Ko bayan duniya ne mu tahi. Ni na sha ruwa.”

Mai butiki ya daɗe a tsare. Da ya fito an ce ya koma wurin danginsa, butikin ya zama na mai ɗinki. Ban sake ganinsa ba, ban kuma taɓa tambaya ko yana raye ba.

A can gabas Kaka ta rasu, bayan ƴan shekaru, cikin sanyin kaka ana shigo da sabon gero. Da jikinta ya yi nauyi babana ya kira limamin unguwa. Malamin ya zauna kusa da kanta ya yi mata nasiha da taushin murya, ya ce mai shirin tafiya yakan sauke kaya, ta yafe wa duk wanda ya ɓata mata don ita ma a yafe mata. Ta ce ta yafe wa ƴaƴanta da surukarta. Ta yafe wa maƙwabta. Ta yafe wa Malam da ya ƙi hawa kamyo. Ta lumshe ido muka ɗauka ta gama, sai ta buɗe.

“Ban da mai pil.”

Liman ya ce, “Haba Inna, ai ya ga sakamakonsa tun a duniya.”

“Na hatsi ya biya,” in ji ta. “Nawa yana nan. Can za mu haɗu, ga Malam a tsaye.”

Yanzu na dawo Yamai da zama. Maurai ta cika da benaye da shaguna, gidan hayarmu an rushe shi, fitilu sun koma na hasken rana, pil sai a agogo da abin canza tashar talabijin. Yafiya ma ta yi araha. In azumi ya matso wayata ba ta hutawa, saƙo iri ɗaya daga mutanen da ko gaisawa ba ma yi, wai duk wanda na ɓata wa ya yafe mini, ni na yafe wa kowa. Yatsa guda ake dannawa a tura wa gari duka, ba a ambaci laifi ba, ba a dubi idon kowa ba. Ƴata takan ce in mayar da amsa, kada a ce ina da riƙo. Nakan mayar wa wanda na san abin da ke tsakaninmu. Sauran nakan bar su. Ni jikar matar nan ce da ta san nauyin kalmar, har ta ƙi ba da ita ga wanda bai taɓa zuwa ya roƙa ba.